Alhaji ya ƙi yarda a fitar da riɗi waje: ta ina za ka ɓullo masa?

Wani matashi daga Kano ya aiko mana da wannan:

"Assalamu alaikum. Mahaifina ya fi shekara 30 yana sayen riɗi da zoɓo a Dawanau, yana sayar wa kamfanonin da ke fitarwa waje. Ƙaninsa, Baffanmu, tare suka haɗa jari tun farko. Yayana ne ke fita saye kasuwannin ƙauye, ni kuma da na yi boko nake riƙe da lissafi. Na sami wani mai masana'anta a Turkiyya da ke son kwantena biyu na riɗi duk wata daga hannunmu kai tsaye. Alhaji ya ce ba zai ba mutumin da bai taɓa ganin idonsa ba kaya, ba zai shiga harkar banki ba saboda kuɗin ruwa, kuma rubuta takarda tsakaninsa da ɗan'uwansa cin fuska ne. Mu ke shan wahala, wasu na kwashe ribar. In ware in yi nawa, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ware, kuma kada ka naɗe hannu. Cikin abubuwa ukun da Alhaji ya kafe a kai, na farko gaskiya ce tsantsa ta ɗan kasuwa, na biyu akwai hanyar kewaye shi ba tare da an taɓa addininsa ba, na ukun ne kaɗai zai cutar da gidanku in an bar shi haka. Shi ne kuma wanda kake ganin ya fi sauƙi.

Fara da abin da bai faɗa maka ba. A kasuwar Dawanau ta Kano kuɗin Alhaji ba sa kwana da yawa: a sauke kaya, a ɗora a sikelin kamfani, cikin 'yan kwanaki kuɗi su dawo, a sake fita kasuwa. Kayan da aka fitar waje kuwa, daga ranar da aka saye su a ƙauye zuwa ranar da dala ta shigo asusu, wata biyu ne zuwa uku in komai ya tafi daidai. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin riɗi wajen tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50. In ka yi alkawarin biyu duk wata, ko da yaushe akwai kuɗin kwantena huɗu zuwa shida a waje, tan 76 zuwa 114, wasu a sito, wasu a bayan tirela, wasu a kan teku. Tambayi kanka ko jarin gidanku gaba ɗaya ya kai haka. Alhaji ya yi wannan lissafin a kansa kafin ka rufe baki. Saboda haka maganar biyu duk wata ka cire ta daga bakinka. Kwantena ɗaya tak za ka nema, a kaka guda.

Ribar da kake gani kamfanoni na kwashewa ma, ka bi ta ka ga abin da ke cikinta. Riɗin ƙauye yana zuwa da ƙasa, tsakuwa, ƙaiƙayi da ƙwayar da ba ta nuna ba. Mai saye a waje yakan rubuta tsabta kashi 99 cikin 100, danshi kada ya wuce kashi 6 ko 7. A ce kayanku na ɗauke da datti kashi 5, sai ka sayi tan 20 kafin ka sami tan 19 na lodi; kuɗin tan guda ya bi iska tun ba a bar Kano ba. Ƙara kuɗin injin gyara, sababbin buhuna, 'yan dako, tirela zuwa Legas, ejan ɗin da zai bi maka kwastam da kamfanin jirgi, gwajin kaya, da harajin duba kayan fitarwa da ake kira NESS, wanda rabin kashi ɗaya ne cikin 100 na darajar kayan. In kwantena ta makara a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas, jirgi ya tafi ya bar ta, kowace rana da kuɗinta. Ka zauna ka rubuta waɗannan layi-layi da farashin da ka tambayo a wannan makon daga bakin masu yin aikin. In abin da ya rage bai fi abin da Alhaji zai samu ba da ya juya kuɗin sau uku ko huɗu a Dawanau cikin wannan lokacin, ba ka da magana tukuna.

Akwai ramin da ya fi cinye sababbin shiga. Mutum ya sa hannu a kan farashin dala, sannan ya fita neman kaya. Farashin riɗi a kasuwanninmu yana bin dala da yawan masu nema; bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga ƙasa da 500 a dala ɗaya ta wuce 1,500 cikin 2024, kaya a ƙauye suka yi ta tashi kusan kullum. Wanda ya riga ya ɗaure kansa da farashi sai ya saya da tsada ya cika alkawari da asara, ko ya saɓa ya ɓata suna. In naira ta farfaɗo bayan ka saya da tsada, nan ma ka ji a jikinka. Kayan su fara shiga sito, a auna, a gyara, ka san abin da tan guda ya tsaya muku, sannan ka yanka farashi. Lokacin saye kuwa kaka ne, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da kaya ke shigowa daga su Maigatari da Gumel.

Yanzu ga inda Yayanka ya shigo, kuma ka lura ko sau ɗaya ba ka gaya mana abin da ya ce ba. Kamfanin da ke saye a hannunku yana haɗa kayan mutum ɗari, yana da ɗakin gwaji, in naku ya ɗan sami matsala ya narke cikin na sauran. Ranar da kuka fitar da sunanku, laifin buhu guda laifinku ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya, wanda ake zuba wa hatsi don kada ya ɓaci a ajiya. Meziko, wadda ta fi kowa sayen zoɓonmu, ta taɓa rufe ƙofa shekaru saboda wani ƙwaron sito da aka samu a kaya. Riɗi kuma abin da ke yawan sa a ƙi karɓarsa shi ne ragowar magani da ƙwayar cutar salmonela, wadda ke shiga in an shanya shi a ƙasa inda kaji, tsuntsaye da ɓeraye ke bi. Ba wanda zai iya hana wannan daga kan kwamfuta. Yayanka ne ya san manomin da ke kakkaɓe riɗinsa a kan tamfol da wanda ke yi a ƙasa, ya san dillalin da ke yayyafa ruwa ko cusa yashi a tsakiyar buhu don nauyi. Ka ba shi wannan ɓangaren gaba ɗaya, da sunansa da rabonsa. Kayan fitarwa su sami ɗakinsu daban, a jera buhuna a kan katako nesa da bango, kada a haɗa su da wake ko masarar da aka yi wa magani, kada a zuba su a tsohon buhun taki. Idan ka tsallake babban wanka ka je wa Alhaji kai kaɗai da harkar waje, abin da kowa zai gani a gidan shi ne ƙarami na neman kujerar babba, daga nan ba wanda zai ƙara sauraron lissafinka.

Maganar rashin ganin ido, Alhaji ya fi ka gaskiya. Fataken da suka yi ta kai kaya Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, ba sa sakin dukiya ga baƙo. Akwai mai masauki a zango wanda ya san mai saye, ya tsaya masa. Abin da za ka yi shi ne ka samar wa Alhaji irin wannan. Akwai ɗaliban Arewa da yawa a Turkiyya. A sami amintacce ya je masana'antar da ƙafarsa, ya ga injinan da ke niƙa riɗi, ya ɗauko hoton takardar rajistarta. Ka nemi mutumin ya ba ka sunan wani da ya taɓa sayen kaya a hannunsa daga nan, ka kira ka ji yadda suka rabu. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin wannan. In da hali ka gayyato shi Kano lokacin kaka, ya zauna a kan tabarmar Alhaji, su ci abinci tare. Gani ya kori ji.

Ko ya zo ya tafi, biyan kuɗi ba a barinsa ga fara'a. Abin da aka saba shi ne kafin alƙalami, misali kashi 30, sauran kuma a biya ta banki kafin a miƙa takardu. Ko kuma bankin mai saye ya buɗe takardar lamuni, wadda 'yan harkar ke kira LC, bankinku ya duba ya tabbatar. Takardar lodin jirgi ita ce kayan. Wanda ya riƙe ta shi zai fitar da kwantena a tashar Mersin ta Turkiyya ko ko'ina. Kada ka aika asalinta, kada kuma ka ba kamfanin jirgi umarnin sakin kaya, sai bankinku ya ce kuɗi sun zauna. Hoton rasit a WhatsApp ba kuɗi ba ne. LC kuma tarko gare ta: banki takarda yake dubawa, ba riɗi ba, harafi guda ya bambanta tsakanin sunan kamfaninku a wannan takarda da waccan, ko ranar lodi ta wuce da kwana ɗaya, sai a tsayar da biya. Ka karanta kowane sharaɗi kafin ka yi lodi, wanda ba za ka iya cikawa ba ka sa a gyara shi tun da wuri. A rubuta a yarjejeniya cewa nauyi da ingancin da kamfanin dubawa mai zaman kansa irin SGS ya tabbatar a wurin lodi su ne hujja, don kada kaya su isa can a ce maka sun yi danshi a rage farashi alhali ba ka da yadda za ka dawo da su. A ɗebi samfur daga buhuna daban-daban, a raba uku a like: ɗaya ga mai saye, ɗaya ɗakin gwaji, ɗaya a durowar Alhaji. A karon farko ka sayar a kan cewa nauyinku ya ƙare da kaya sun hau jirgi a Legas, kuɗin jirgi da inshora nasa ne. Sannan ku yi alkawari da baki cewa lambar asusu ba ta canzawa ta imel. 'Yan damfara kan kutsa cikin wasiƙun 'yan kasuwa su aika sabuwar lamba a daidai ranar biya.

Takardun hukuma ba su kai yadda ake jin tsoronsu ba. Rajistar kamfani mai hannun jari a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, lambar haraji, takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, wato NEPC, asusun dala na kamfani, fom ɗin NXP, wanda ake bayyana kayan da za a fitar a cikinsa, ta bankinku ga kowane lodi, takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS, sai na kwastam da ejan zai bi. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: dokar Babban Banki ta ce kuɗin kayan da ba na mai ba su dawo ta wannan asusun cikin kwana 180. Kada wani ya ruɗe ka da cewa a karɓa ta hannun ɗan canji a Wapa don canjin ya fi tsoka. Fom ɗin zai zauna a buɗe da sunanku, ƙarshenta a rufe muku ƙofar banki.

Kuɗin ruwa kuwa, ba wanda ya ce sai kun ci bashi. Aikin banki a nan karɓar takardu ne da karɓar kuɗi, ana biyansa ladan aiki. In ma an buƙaci ƙarin jari nan gaba, akwai bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ da Lotus sun biyo baya, suna da tsarin da banki ke sayen kayan ya sayar muku da ribar da aka sani tun farko. Ka kai Alhaji ya yi tambayoyinsa da kansa, tare da malamin da ya yarda da shi.

Kuɗin kwantenar farko fa? Ka roƙi Alhaji da Baffa su ba ka su a matsayin ƙiradi, abin da malamansu suka karantar da su tun suna samari. Su kawo tsabar kuɗi sananne, kai da Yayanka ku kawo aiki, a yanka rabon riba tun farko da kaso, rabi ne ko sulusi, ba da wani adadi tsayayye ba. In an yi asara ba tare da sakacinku ba, ta masu jari ce, ku kuma wahalarku ta tafi. In kun saɓa sharaɗi, misali kuka saki takardar lodi kafin biya, ku za ku biya. Amfanin wannan shi ne Alhaji ya san iyakar abin da zai iya rasawa, sauran dukiyarsa tana can tana juyawa yadda ya saba. Kuma ku ci gaba da kai wa kamfanonin da kuka saba kaya kamar kullum, kada ku yi ta shela. Su ne abincin gidan a yau.

Sai abu na uku, wanda muke so ka ba shi nauyi fiye da Turkiyya. Shekara 30 Alhaji da Baffa suna aljihu ɗaya. Daga nan ake ɗibar kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan ɗakin 'yan mata, kujerar Makka, gudummawar biki da suna. Ba wanda ya taɓa rubuta cewa Baffa na da rabi ko sulusi. Muddin su biyun suna raye da lafiya, amana ta ishe su. Ranar da ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya sa da nisa, abin da ya bari na magada ne: matan aure su raba tumuni, 'ya'ya su raba saura, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Baffa ba ya gadon wansa tunda akwai 'ya'ya maza, haƙƙinsa na abokin jari ne kawai, shi kuma ba a san adadinsa ba. Nan ake fara cewa "ai Alhaji ya taɓa faɗa mini". 'Ya'yan wannan ɗakin da na wancan su ja daga, a sayar da sito, a raba kuɗi, kowa ya kama gabansa da abin da bai isa sayen tirela guda ba. Duk wanda ya daɗe a kasuwannin Kano ya san rumfunan da suka mutu ta wannan hanya. Mai saye a waje da ya saba da sunanku sai ya wayi gari ba wanda ke da ikon sa hannu. Kai ma, duk abin da ka gina da sunan Alhaji ba tare da rubutu ba, cikin gado zai faɗa.

Kamfani mai hannun jari maganin wannan ne. In mai shi ya rasu, hannun jarinsa ake rabawa yadda shari'a ta tsara, sito da sikeli da asusu da takardar NEPC suna nan ba a taɓa su ba. 'Yan'uwanka mata su sami rabonsu a rubuce, a riƙa ba su ribarsa duk shekara, ba sai sun jira alfarmar kowa ba. Kada ka manta da su, domin gidaje da yawa ta nan suka fashe. In Alhaji na son ya ba ku wani kaso saboda aikinku, ya bayar yanzu yana da lafiya, a rubuta a rajista, don kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta a hannu, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa a ciki. Shi ya zauna a matsayin shugaba da kaso mafi girma. Asusu ya zama sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, Alhaji, Baffa, da ɗayanku. Kowa da ke aiki a yanka masa albashi, hidimar gida a ware mata adadi duk wata, abin da ya wuce haka a rubuta shi bashi ne a kan wanda ya ɗauka.

Ba da bakinka za ka fara wannan zancen ba, kuma ba a rumfa gaban yaran shago ba. Ɗa ya ce wa uba a rubuta dukiya, abin da uban zai ji shi ne ana ƙirga masa kwanaki. Ka fara shawo kan Yayanka, sannan ku je wa Baffa tare, don shi da 'ya'yansa ne suka fi kowa zama cikin haɗari. Daga nan a sami aminin Alhaji ko limamin da yake jin maganarsa. Shi zai tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ga muminai aka saukar da ita, ba ga mutanen da ake zargi ba. Zai kuma iya nuna masa cewa littafi mai tsabta ne zai sa ya fitar da zakkar kayan kasuwancinsa daidai, ɗaya cikin 40, ba da kintace ba. Wannan zai fi shiga kunnensa fiye da zancen dala. In ya ce iyayenmu ba su yi haka ba, a ambata masa Alhassan Ɗantata, wanda ya tashi cikin fataucin goro, ya yi amfani da jirgin ruwa tsakanin gaɓar Gana ta yau da Legas, ya rungumi gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma bayan rasuwarsa a 1955 'ya'yansa suka ci gaba da harkar a ƙarƙashin kamfani mai sunan gidan.

Kana iya yin duk wannan Alhaji ya ce a'a. In haka ta faru, kada ka ɗauki ko buhu ɗaya ko lambar manomi ɗaya a ɓoye. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum guda ya yi rajistar ƙaramin kamfani, sai ka nemi izninsa da albarkarsa ka buɗe naka da abin da ka tara, ka riƙa sayen kaya a hannunsa kuɗi hannu a farashin kasuwa kamar kowane baƙo. Kafin ka taɓa teku ma, ka gwada kanka a gida: ka gyara tirela guda yadda mai sayen Turkiyya ya rubuta, ka kai samfur ɗakin gwaji, ka sayar wa mai fitarwa a Legas a ƙofar sitonsa. Za ka ga nawa ya zube a inji, nawa sikelinsu ya rage, kwana nawa kuɗi suka yi kafin su dawo. Takardar gwajin da rasit ɗin cinikin ka kai wa Alhaji bayan sallar isha'i, ka ajiye a gabansa, ka bar shi ya duba da kansa. Mutumin Turkiyya kuma ka rubuta masa yau, ka gaya masa gaskiya cewa kwantena ɗaya za ku iya, a kaka mai zuwa, ka aika masa samfur kilo ɗaya.